An Yi Wa A-kori-kura Sabon Bodi, Na'urar Riƙe Gudu Ta Daina Aiki: Yadda Za Ka Gano Matsalar Da Wayarka

Yau za mu ɗan leƙa garejin masu walda, amma kada ka ajiye wayarka, domin da ita za mu yi rabin aikin.

Duk wanda yake zirga-zirga tsakanin Gusau, Bunguɗu da Tsafe ya san a-kori-kura ita ce jakin wannan zamani. Ita ke kwaso masara da dawa da waken suya daga ƙauyuka irin su Kekun Waje ta kai kasuwa, ta dawo da taki da siminti da kwanon rufi. Bodin da kamfani ya yi mata kuwa ba don wannan wahalar aka yi shi ba. Tudun taya biyu da ke cikinsa suna cin wuri, gefensa ya lotse, ƙasansa ya yi tsatsa. Daga nan sai mai mota ya kai ta wurin mai walda a cire bodin, a ɗora shimfiɗaɗɗe wanda za a iya loda masa kaya ta kowane gefe.

Abin da kan biyo baya shi ne, a hau titi a danna maɓallin CRUISE, mota ta ƙi riƙe gudun. Sai a fara zargin ƙwaƙwalwar mota ta ƙone, a fara tambayar kuɗin wata. Sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau. Matsalar tana can baya, a fitilun danja da aka cire tare da tsohon bodi. Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma dokar da muke bi wajen neman kuskure ita ce ta dace a nan: idan abu yana aiki jiya ya daina yau, fara da abin da aka taɓa tsakanin jiya da yau.

Mece ce wannan na'urar?

Direbobi suna ce mata "kuruz". Aikinta shi ne ta riƙe maka totur a kan gudun da ka zaɓa, ka ɗauke ƙafarka ka huta. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana yaro, shi ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya sa ta a motocinsa a 1958. A wajenmu ba kowace a-kori-kura ke da ita ba. Tsohuwar Peugeot 504 ba ta san da zamanta ba. Za ka fi samunta a 'yan Kwatano da aka yi don kasuwar Amurka, kamar Toyota Tacoma da Tundra, Ford F-150 da Nissan Frontier, sai kuma manyan samfuran Hilux na baya-bayan nan.

Idan ka taɓa rubuta ko da ƙaramar manhaja, za ka gane tsarinta nan take. Zagaye ne da ke maimaita kansa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda: ta karanta gudun mota, ta kwatanta da wanda ka sa, idan ya gaza ta ƙara totur, idan ya wuce ta rage. Amma kafin kowane zagaye akwai sharuɗɗa. An taka birki? An taka kuloci? Gudun ya kai mafi ƙanƙanta da aka yarda, wanda a Toyota da yawa kusan kilomita 40 ne a awa? Sensar gudu tana ba da bayani mai ma'ana? Idan amsar ɗaya daga cikinsu ba ta gamsar da ita ba, sai ta saki totur. An tsara ta ne ta zama matsoraciya da gangan. Riƙe wannan a ranka, duk darasin a kansa yake.

Kafin a kunna injin walda

Mu fara da bodin kansa, don kuskuren da aka yi a nan ya fi na lantarki wuyar gyara.

Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin. A yawancin motoci akwai takarda ko ƙaramin faifai da aka rubuta GVWR da wata lamba. Wannan shi ne iyakar nauyin mota gaba ɗaya: ita kanta, mai, direba, yaran mota, bodi da kaya. Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya, gwargwadon samfurinta. 'Yan Amurka da yawa, duk da girman jikinsu, ba su kai haka ba. Duk kilon da ka ƙara wa bodi, daga cikin kayan da za ka ɗauka ka cire shi.

Buɗe kalkuletar wayarka mu yi lissafi. Ƙarfe yana da nauyin kilo 7,850 a kowace mita mai fuska shida, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Ke nan faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3 zai yi kusan kilo 23.6 a kowace murabba'in mita. Bodi mai faɗin mita 1.8 da tsawon mita 2.4 yana da murabba'in mita 4.32, don haka shimfiɗar kaɗai kilo 102 ce. Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, 50 da 50 mai kaurin milimita 3, yana yin kusan kilo 4.4 a kowace mita. Dogaye biyu a kan shasi, zagayen gefe, da masu ratsawa guda biyar za su ci wajen mita 22, kusan kilo 98 ke nan. Mun kai 200 ba mu sa garkuwar bayan kan mota ba, ba mu sa ƙofofin gefe ba. Idan mai walda ya ce a sa faifai mai milimita 5 don ya fi ƙarko, shimfiɗar ta koma kilo 170. Ka yi asarar fiye da rabin buhu a kowane sawu har ranar da motar za ta mutu. A ganina milimita 3 da masu ratsawa kusa da juna, tazarar santimita 40, ya fi faifai mai kauri a kan ƙashi mai tazara. Wanda kuma hatsi kawai yake ɗauka, katako mai kyau ya ishe shi, kuma ya fi sauƙin nauyi.

Abu na biyu, tsawo. Kowa yana son a ƙara masa tsawon bodi ta baya, a nan ne kuma haɗarin yake. Tazarar tayar gaba da ta baya a Hilux ta zamani mita 3.085 ce. A ce ka jera buhu biyar masu kilo 100, tsakiyar nauyinsu ta faɗi santimita 60 a bayan tayar baya. Lissafin shi ne 500 sau 3.685 a raba da 3.085, ya ba ka kusan 597. Ma'ana tayoyin baya suna ɗauke da kilo 597 daga kayan da nauyinsu 500 ne. Ina ragowar 97 ta fito? Daga tayoyin gaba aka ɗage ta, tayoyin da suke juya maka mota kuma suke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa za ka ga mota ta ɗaga hanci, sitiyari ya yi sakayau, fitila tana haska saman bishiya. Kaya mai nauyi wurinsa kusa da kan mota ne, a gaban tayar baya ko daidai kanta.

Sauran a taƙaice. Kada a yi wa bodi walda da shasi. Shasi yana murɗawa a kan hanya mai gargada, kuma zafin walda yana raunana shi. A bi ramukan notin da tsohon bodi ya bari, a sa noti mai lamba 8.8 a kansa, a sa roba tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A auna tazarar da ke tsakanin aksil da robar da ke tare shi idan sifirin ya danne, a bar wa taya fiye da haka a samanta. Bututun zuba mai ya kasance yana gangarawa zuwa tanki, ƙaramin bututun numfashi da ke gefensa kada ya lanƙwashe, in ba haka ba a gidan mai famfo zai riƙa tsayawa kamar tanki ya cika. A bar hanyar sauko da safaya, a kuma mayar da lambar mota da fitilarta, don 'yan VIO da na FRSC ba za su ji uzurin sabon bodi ba.

Wani abin lura ga masu 'yan Kwatano: cikin bodin Tacoma daga samfurin 2005 ba ƙarfe ba ne, wata roba ce mai tauri, F-150 kuma daga 2015 jikinta alminiyom ne. Waldar da muka saba da ita ba ta kama ko ɗaya, shi ya sa idan suka fashe, sabon bodi ne mafita.

A haɗa bodin a ƙasa, nesa da mota, a yi masa fenti, sannan a ɗora. Idan dole sai an yi walda a jikin mota, a cire kan batir na negatif, a maƙala kilif ɗin injin walda dab da wurin da ake aiki don kada wutar ta bi ta cikin wayoyin mota, a rufe tanki da bututun mai. Kuma kafin a yanke ko da waya ɗaya, ɗauki hoton kowane soket da launin wayoyinsa. Hoton minti biyu zai iya hana ka yinin banza a gareji.

Me ya haɗa danja da riƙe gudu?

A saman fedar birki akwai ɗan makunni. Ka taka, ya haɗa 12V zuwa wayar da ke tafiya har bayan mota ta kunna danja. Na'urar riƙe gudu tana sauraron wannan wayar. Tambayar ita ce, me take gani lokacin da ba ka taka ba?

A motoci da yawa, musamman tsofaffin 'yan Amurka, abin da take jira ta gani shi ne 0V tsantsa. Wanda ke ba ta wannan 0V ɗin kuwa shi ne ƙwan fitilar kansa. Ƙwai na gargajiya yana da siririn zare a ciki, kuma idan zaren ya huce, turjiyarsa ga lantarki ba ta kai ohm ɗaya ba. Don haka ko fitila tana kashe, wayar birki tana haɗe da negatif ta cikin zaren. Wanda ya taɓa wasa da Arduino ya san abin da ke faruwa idan ka bar ƙafar shigar da saƙo ba a haɗe da komai ba: sai ta riƙa karanta 1 da 0 yadda ta ga dama, har sai ka sa mata rizista mai janyo ta ƙasa. To ƙwan danja shi ne wannan rizistar. Injiniyoyin sun yi haka da niyya, don idan ƙwayayen sun ƙone ko waya ta tsinke, na'urar ta ƙi aiki.

Yanzu dubi abin da ake yi a gareji. An cire tsohon bodi da fitilunsa, an sayo dogayen fitilun LED masu kyalli irin na tirela, an manna. Suna haske, kowa ya yaba. Amma LED ba ta da zare. Ƙwai mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, ita kuwa LED ɗan kaɗan take ja, kuma idan tana kashe kusan ba ta haɗa wayar da negatif. Wayar ta zama marainiya. Na'ura ta duba ba ta ga 0V ba, ta ɗauka ko birki a take yake, ta ƙi karɓar umarni. Idan ka lura sigina ma ta fara ƙiftawa da sauri fiye da da, dangin ciwon ne: mota tana ganin kamar ƙwai ya ƙone.

Hanya ta biyu da abin ke lalacewa ta fi wannan wayo. Fitilar baya tana buƙatar hanyar komawa negatif. Mai wayarin zai ɗaure wayar negatif a jikin sabon bodi, alhali bodin an shafe shi da fenti, kuma yana zaune a kan roba. Lantarki bai samu hanyar komawa ba, sai ya nemi wata. A ƙwai mai zare biyu, na wat 21 don birki da na wat 5 don ƙaramar fitila, wutar ƙaramar fitila za ta ratsa ta zaren birki ta koma cikin wayar birki. Alamar wannan ba ta ɓuya: da rana komai lafiya, da magariba kana kunna fitila sai na'urar ta saki. Wani lokaci kuma sigina ce ke kashe ta. Duk mai motar da ya ce maka "sai da dare take ƙi", ka tura shi ya duba negatif.

Ta uku ita ce gauraya tsari. A 'yan Amurka da yawa ƙwai ɗaya ja ne ke yin birki da sigina, a Hilux kuwa sigina daban take, ruwan lemo. Idan aka sayo fitila mai tsari ɗaya aka haɗa wa mota mai ɗaya tsarin ta hanyar murɗe wayoyi biyu wuri guda, an haɗa layin sigina da na birki ke nan.

Sababbin motoci sun ƙara tsaro. Makunnin birkinsu bakinsa biyu ne: idan ɗaya ya rufe, dole ɗaya ya buɗe. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta su, idan suka saɓa ta ajiye lambar matsala P0504 ta hana riƙe gudu. Wutar da ta dawo daga baya tana iya jawo wannan saɓanin ko da makunnin sabo ne fil.

Sai kuma ɓarnar hannu. A tsofaffin Ford F-150 sensar gudu tana saman tukunyar aksil na baya, wayarta na bin jikin shasi, daidai inda giranda da tartsatsi ke aiki. A wasu motocin sensocin ABS da ke kowace taya ne ke ba da gudun. Waya ɗaya ta ƙone, riƙe gudu ta tafi.

Bincike: ido, ƙwai, mita

Kada ka fara da waya. Tsaya a bayan mota wani ya taka birki. Duka danjojin sun kama, har da ta saman kan mota? Ya saki, sun mutu gaba ɗaya ko akwai ɗan haske da ya rage? A kunna ƙananan fitilu a sake. A sa sigina a sake. Idan taka birki yana sa wata fitila ta dushe ko fitilun dashbod su kama, negatif ne. Idan babu danja ko ɗaya, duba fiyus mai rubutun STOP. A mota mai giyar otomatik akwai ƙarin shaida: idan wannan layin ya mutu, sandar giya takan ƙi fita daga P.

Gwaji na gaba shi ne wanda na fi so, don kusan kyauta ne. Samo ƙwai na gargajiya mai wat 21 da soket ɗinsa, ka haɗa waya ɗaya da wayar birki, ɗayar da ƙarfen shasi da aka kankare. Hau titi ka gwada. Idan na'ura ta dawo, ka kama ɓarawon. Daga nan zaɓi biyu gare ka. Ko ka bar ƙwai na gargajiya a cikin tsarin, ko ka sa rizista mai ohm 6 da wat 50 tsakanin wayar birki da negatif. Rizistar tana aiki, amma a 14V da mota ke bayarwa idan inji na tafiya, tana fitar da zafin kusan wat 33 duk lokacin da ƙafarka ke kan birki. Dole a ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, nesa da roba, bututun mai da buhunan hatsi. Ni dai ƙwai zan zaɓa. Kowane shagon kayan mota yana da shi, kuma zafinsa aƙalla haske yake bayarwa.

Idan kana da maltimita, sa ta a kan DC 20V. Baƙar waya a shasi, ja a wayar birki. Ba a taka ba, 0V. An taka, kusan 12V. Yanzu a kunna ƙananan fitilu ba tare da taka birki ba: idan lambar ta tashi, wuta na dawowa. Sannan auna tsakanin negatif ɗin fitila da kan batir na negatif, fitilu a kunne. Ya kamata ka ga kusan sifili. Idan ya doshi rabin volt ko ya wuce, a ja sabuwar waya daga fitila kai tsaye zuwa shasi, a kankare fenti, a ɗaure da noti, a shafa giris.

Yanzu ɗauko wayarka

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana kiransa OBD2. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur daga 2001, na dizal suka biyo baya. Abin da kake buƙata shi ne ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, wadda ba ta kai kwalin ashana biyu ba. Masu iPhone su nemi mai WiFi ko wadda aka rubuta tana aiki da iOS, don ta gama-gari ba ta haɗuwa da ita.

Soka ta, murɗa makulli zuwa ON, haɗa Bluetooth, lambar sirri yawanci 1234 ce ko 0000. Sauke manhajar Car Scanner ko Torque tun kana inda sabis yake da ƙarfi. Bayan saukewa ba ta buƙatar data, kuma mu da muka ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 mun san darajar manhajar da ke aiki ba intanet.

Shiga wurin karanta lambobin matsala. Waɗanda suka shafe mu su ne P0500, sensar gudu. P0504, saɓani tsakanin bakunan makunnin birki. P0571, layin makunnin birki na riƙe gudu. Ɗauki hoton allo kafin ka taɓa komai. Akwai maɓallin gogewa, kuma yana da jan hankali, amma goge lamba kafin gyara kamar share saƙon kuskure ne ka ce manhaja ta warke. Ka sani kuma a motoci da yawa, muddin fitilar CHECK ENGINE tana kunne, ko a kan me ne, riƙe gudu ba za ta yi aiki ba.

Ga masu son ganin abin da ke ƙarƙashin manhaja, sauke Serial Bluetooth Terminal ka yi magana da motar kai tsaye. Rubuta ATZ, na'ura ta farka. Rubuta ATSP0, ta nemo yaren da motar ke ji. Sannan rubuta 010D, wato kana tambayar gudu. Idan amsa ta zo 41 0D 3C, lambar ƙarshe a tsarin lissafin goma sha shida take: 3 sau 16 a ƙara 12, kilomita 60 a awa. Duk kyawawan agogunan da Torque ke zana maka, irin wannan tambayar yake maimaitawa. A kan hanya, wanda ke gefen direba ya kwatanta wannan gudun da na GPS ɗin waya. Bambanci kaɗan ba komai. Amma idan lambar tana faɗuwa sifili tana dawowa alhali mota na tafiya, wayar sensa ta ji rauni, kuma ba na'urar da za ta riƙe gudun da ba ta iya gani.

Wannan ƙaramar na'ura tana da iyaka. Yawanci ƙwaƙwalwar inji kawai take karantawa, lambobin ABS sai manhaja ta musamman kamar FORScan ga Ford ko Techstream ga Toyota. Wasu tsofaffin Hilux na dizal suna da soket ɗin amma ba sa amsa tambayoyin gama-gari. Kuma ka cire ta idan ka gama, don baki na 16 yana da wuta ko mota a kashe take, za ta riƙa tsotsar batir.

Idan baya lafiya lau ne

To sai a dawo gaba. Mota mai giyar hannu tana da makunni a fedar kuloci, shi ma yana mutuwa. Idan hon ya daina, ko fitilar jakar iska ta kama tare da mutuwar maɓallan sitiyari, nannaɗaɗɗiyar wayar da ke cikin sitiyari ce ta tsinke. Wannan kada ka buɗe da kanka, jakar iska tana fashewa da ƙarfin da zai karya fuska. Masu tsohuwar F-150 ta ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 su duba wani makunni da ke jikin tukunyar man birki: Ford ta janye miliyoyin motoci saboda man birki yana tsiyaya cikinsa ya ta da gobara, ko mota a ajiye take. Idan ka ga danshi a soket ɗinsa, a cire shi ranar. Sababbin F-150 kuma wasu suna da rada a cikin fitilun baya, don haka a irinsu gara a yi wa bodi gurbin da fitilun asali za su koma.

Akwai gyara guda da za ka iya ji a bakin wani, wai a yanke wayar birki daga na'urar, a haɗa ta da negatif kai tsaye, kuruz zai dawo. Zai iya dawowa kam. Amma ka cire kunnen da take jin birki da shi. Ranar da shanu suka ratso titi ka taka birki, inji zai ci gaba da tura mota da lodin hatsi a bayanta. Duk wanda ya kawo maka wannan shawarar, karɓi makullinka.

Gwajin ƙarshe

A yi shi da rana, mota ba kaya, a miƙaƙƙen titi da ba cunkoso, wani ne kuma zai riƙe waya ba direba ba. Haura kilomita 40, danna ON, danna SET, ɗauke ƙafa. Ta riƙe? Taɓa birki kaɗan, dole ta saki nan take. Danna RES ta koma. Maimaita da ƙananan fitilu a kunne, da sigina ta dama, da ta hagu. Idan ko sau ɗaya birki bai sa ta saki ba, kashe ta da maɓallin OFF kada ka sake kunnawa sai an gano dalili.

Kada a rikita ta da na'urar ƙayyade gudu da FRSC ta fara tilasta wa motocin haya a 2017. Waccan hana ka wuce iyaka take yi, wannan kuwa riƙe maka totur kawai take yi. Ta gargajiya ba ta ganin rami, ba ta ganin shingen jami'an tsaro, a gangara kuma ba ta taka birki, totur kawai take saki, nauyin kaya ya ci gaba da tura mota. A hanyar Gusau zuwa Funtua ta Kwatarkwashi da Tsafe, ko ta Bunguɗu zuwa Talata Mafara, wuraren da za ka yi amfani da ita da lodi a baya kaɗan ne, da damina kuwa idan titi ya jiƙe a bar ta a kashe. Idan kun dawo daga gwajin, a loda buhu biyu ko uku a bi hanyar ƙasa na ɗan lokaci, sannan a sake ɗaure notocin bodi, a duba ko wata waya tana gogar bakin ƙarfe, a kuma sake tsayawa a baya wani ya taka birki.